Ɓawon Kwakwa a Kan Ruwa

Kwana uku ke nan da duron ruwan sha ya fashe a cikin jirgin ruwan nan Santa Librada. Igiyar ruwa ce ta mari jirgin a haƙarƙari bayan sun wuce tsibirin Isla Fuerte, duron ya tsinke daga ɗaurinsa ya daki turken tsakiya, ruwan mako biyu ya gangara ƙasan jirgi ya haɗu da gishiri da baƙin mai. Injin kuwa tun kafin nan ya yi tari biyu ya mutu. Sai zanen kama iska kawai ya rage musu, shi ma duk faci, ga iska sai ta zo ta ɗauke. Duk wanda ya taɓa kwana uku a teku da busasshen maƙogwaro ya san yadda zuciya take gajarta.

Su uku ne a ciki. Petrona ce mai jirgin, ta gaje shi daga ubanta Nikanor, shekara talatin tana ɗauko shinkafa da sukari da kananzir daga garin Tolu tana zaga tsibiran mutanen Guna, ta komo da jirgi cike da kwakwa. Sai Eladio, tsohon da ke kula da inji da murhu, wanda ƙarar inji ta kashe masa kunne guda, ya fi yin hira da kajin da ke keji a kan ya yi da mutane. Na ukun shi ne Ubaldo, ɗanta tilo. Shekara bakwai ya yi a gidan yari saboda ya soka wa wani wuƙa a wurin faɗan zakaru, wata huɗu ke nan da fitowarsa, kuma alƙali ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in ya sake dawowa a can zai tsufa. Shi ya sa ta ɗauko shi. A teku babu mashaya, babu zakaru, babu abokan banza. Abu guda Petrona take so a duniya, kada a sake raba ta da ɗanta.

Da hantsi suka saki anga a bayan wani ɗan tsibiri da ba kowa a kansa, sai yashi fari fat da bishiyoyin kwakwa. Garin mafi kusa tafiyar awa uku ce in iska ta yarda, amma iskar ta kwanta, leɓen Eladio kuma ya tsage har yana jini.

Petrona ta miƙa wa ɗanta adda, ta yago wani jan tsumma daga tsohon siket ɗinta ta haɗa masa.

"Saurara, Ubaldo. Bishiyoyin nan na tsoho Olonigi ne. Ka sauko da tara, kada ka ƙara. Waɗanda ka sha a can, ka tara ɓawon a gindin bishiyar, baki sama, ka ɗaura tsumman nan a jikinta. Muna isa gari shi zan fara nema."

Ubaldo ya juya tsumman a hannu. "Mama, wasa kike? In sha kayan mutum kuma in bar masa tuta?"

"Haka kakanka yake yi. Wanda ƙishirwa ta kai shi ya bar ɓawo a fili baƙo ne. Wanda ya ɓoye shi ne ɓarawo."

"Wa zai gani? Ko tsuntsu babu."

"Kai dai yi abin da na ce."

Eladio ya ɗago daga ramin inji ya ce, "Yi abin da uwarka ta ce, zakaran gidan yari. A nan ko ƙaguwa tana da mai ita."

Ubaldo ya yi dariya ya sauka cikin ƙaramin kwale-kwalen da suke ja a baya. Ita kuma ta duƙa tare da Eladio suna kwashe ruwan da ke tsiyaya ta ƙasa, bokiti bayan bokiti, ba ta sake ɗaga kai ba.

Ni dai ban ce mugunta ce ta sa shi ba. Mutumin da ya shekara bakwai inda ko guntun taba aka samu a ƙarƙashin tabarmarka sai an fasa maka baki, hannunsa ya riga ya koyi abu guda: kada ka bar alama. Ya hau bishiya ya sassaro gungu biyu ɗungurungum har da 'yan ƙananan da ba su yi ruwa ba, ya sha har cikinsa ya yi ƙat, sannan ya dubi tulin ɓawon nan ya ji kunya ta kama shi a madadin uwarsa. Sai wawan ya kwashe shi tas ya watsa a teku ta ɗaya gefen tsibirin, ya share yashin da ganye, ya cusa jan tsumman a aljihu. A ransa ya rufa mata asiri. Amma ɓawon kwakwa ba ya nutsewa. Ruwa ya jera shi ɗaya bayan ɗaya ya yi yamma da shi, daidai inda Olonigi ya saba kamun kifi.

Sun sha, Eladio ya soya sauran ayabar suya da busasshen kifi, iska ta fara motsi, suna shirin jan anga ke nan sai ga kwale-kwalen itace yana tahowa. Petrona ta gane mai tuƙin tun daga nesa, Olonigi ne. Gajere ne, ƙirjinsa faffaɗa, gashinsa fari, ya san ta tun tana rarrafe a kan wannan katakon. Ya matso ya kama gefen jirgin da hannu ɗaya, bai gaisa ba. Ya ɗauko ɓawon kwakwa daga ƙafarsa ya ajiye a kan katako. Ya ɗauko wani ya ajiye. Haka ya yi ta yi, a hankali, har da 'yan ƙananan da ba su kai dunƙulen hannu ba.

Petrona ta waiga ta dubi ɗanta, shi kuma ya kawar da kai.

"'Yar Nikanor," in ji tsohon, da harshenmu na mutanen Tolu da yake ja a hankali. "Ubanki ya sha kwakwata sau biyu. Sau biyun na tarar da tsummansa. Yau a ruwa na tsinci kayana."

"Baba, laifina ne. Ɗana ne, sabon shiga ne, bai san..."

"Na gaya masa ne kike so ki ce, ko bai sani ba?"

Ta sunkuyar da kai, don ba ta iya yi wa mutumin nan ƙarya.

Ubaldo ya taso ya tsaya a kansa. "Ni na sha. Ƙishirwa muke ji. Sai me, tsoho?"

Olonigi ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya miƙo hannu ya cafke wuyan hannun Ubaldo, ya juya tafin sama, ga ƙaron kwakwa ya yi baƙi a yatsunsa.

"Hannun ɓarawo," in ji shi. "Yau zan faɗa a zauren gari, kowa ya ji abin da Santa Librada ta ɗauko."

Da ya san inda yaron ya fito, da bai riƙe shi a wuyan hannu ba. Ubaldo ya fizge, ya kai masa naushi a baki. Tsohon bai faɗi ba, mutumin da ya shekara sittin yana jan raga ba ya faɗuwa da naushi guda. Ya tofar da jini, ya suri mashin kifinsa ya kawo sara, bakin mashin ya tsaga kumatun Ubaldo daga kunne zuwa haɓa. Petrona ta yi tsalle za ta shiga tsakani, ƙafarta ta taka ɓawo ta zame ta bugu da keji, kaji suka ruɗe da kuka. Eladio ya rungumo Ubaldo ta baya yana cewa, "Bari, bari, ɗan nan," Ubaldo ya mayar masa da gwiwar hannu a fuska, aka ji ƙas, tsohon ya zube yana tare haƙoransa a tafi.

Filafilin tuƙi yana jingine a gefe, na itace mai nauyi. Ubaldo ya ɗaga shi da hannu biyu ya sauke a tsakar kan Olonigi. Ya sake ɗagawa ya sake saukewa. Kwale-kwalen ya kife, tsohon ya tafi ƙasa.

Ruwan wurin garau yake, ana hango yashi. Petrona ta ga farin kan yana sauka, jan hayaƙi yana binsa. Ta fizgo doguwar ƙugiyar da suke jawo manyan kifi da ita, ta zura har kafaɗarta ta jiƙe, ta maƙalo wandonsa. Ita da Eladio suka jawo shi kan katako kamar buhu. Kansa a buɗe yake ta gefen hagu, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, amma ƙirjinsa yana tashi. Ta cire rigarta ta sama ta naɗe masa kai, nan da nan rigar ta jiƙe.

"Ja anga, Eladio. Gari za mu."

Ubaldo yana tsaye yana huci, jini na ɗiga daga haɓarsa zuwa ƙirji. Sai a lokacin idonsa ya dawo.

"Wane gari?"

"Garinsu. Akwai mai ɗinki a can."

"Mama, kin san abin da kike faɗa? In kika kai shi, ni kika kai."

"Na sani."

"Ba wanda ya gan mu. Kwale-kwalensa ya kife, kullum tsofaffi suna kifewa. Mu sake shi, kifaye su ƙarasa, mu juya gida. Mama, ba zan koma can ba. Ba ki san abin da ake yi wa mutum a can ba."

Ta sani. Shekara bakwai tana bin layi a rana da ƙunshin abinci, ana caccaka mata shinkafa da sanda. Tausayinsa ya kama ta. Amma tsohon nan yana numfashi a kan cinyarta, yatsunsa suna motsi a kan katako.

"Da ransa," ta ce. "In ya rayu, faɗa ne, dattawa za su yanke abin da za su yanke, zan durƙusa in roƙe su. In ya mutu a hannunmu, ba ni da sauran bakin magana. Ja anga na ce."

Eladio ya ja anga yana tofar da jini. Iska ta cika zane, jirgi ya ɗau hanya, Petrona ta kama sandar tuƙi. Sun yi kamar awa guda suna tafiya. Ubaldo ya zauna a gindin turke ya haɗa kai da gwiwa. Olonigi ya buɗe idonsa guda ya faɗi wata kalma da harshensu, ta gane ruwa yake so. Babu abin ba shi a jirgin sai kwakwarsa. Eladio ya fasa guda ya ɗiga masa a baki, rabi ya shiga rabi ya bi wuya.

Da rufin bukkokin garin ya fara ɓullowa a kan ruwa sai Ubaldo ya miƙe. Ya zo ya dafa sandar tuƙi ya tura ta gefe, jirgin ya karkata zai juya teku.

"Saki."

"Ba zan saki ba."

"Ubaldo, na haife ka, saki."

Ya hankaɗe ta da kafaɗa. Ta faɗi ta bugu da gefen ramin inji, bayanta ya amsa. Daga nan ƙasa ta ga ya riƙe sandar da hannun dama, ya miƙa ƙafa yana tura tsohon zuwa bakin jirgi inda ba shinge. Ƙarfen da ake murɗa inji da shi yana nan kusa da hannunta, tsawon kamu guda, mai lanƙwasa. Ba ta yi tunani ba. Ta tashi da shi ta sauke a damtsen ɗanta da duk ƙarfin shekara talatin na jan igiya. Ƙashin ya ce ƙarau. Hannun ya saki sandar ya rataye ta inda hannu ba ya lanƙwasa.

Ya durƙusa yana kallon hannun, sannan ya kalle ta. Bai yi ihu ba, da ma ya yi.

Ita da Eladio suka ja shi suka ɗaure a jikin turke da igiyar anga. Tana ɗaurewa tana kuka, tana zaginsa, tana zagin ubansa da ya mutu ya bar mata shi, tana gyara masa karyayyen hannun a kan cinyarsa don kada ya motsa. Sannan ta koma ta daidaita jirgi.

Shiga garin nan ta gabas ba wasa ba ce. Duwatsun ƙarƙashin ruwa sun kewaye shi, hanyar da ke tsakani doguwa ce, tana murɗawa, faɗinta bai fi jirgi biyu ba. Mutum guda zai tsaya a goshin jirgi yana karanta launin ruwa, shuɗi hanya, ruwan ƙasa dutse, yana nuni da hannu. Mai tuƙi kuwa ba ya kallon komai sai wannan hannun. In ka shiga da iska a bayanka kuma ba inji, ba tsayawa, ba juyawa, sai ka fita ta ɗaya bakin. Eladio ya hau goshi da kumburarren baki. Suka shiga.

Sun ci kusan sulusin hanyar ta lura ƙafar Olonigi ta daina motsi. Ta kira sunansa. Ta miƙa tata ƙafar ta taɓa shi. Idon nan guda a buɗe yake yana kallon zane, ƙuda ya sauka a kansa bai ƙifta ba.

Ta karya hannun ɗanta don ta kai mai rai gida, ga shi gawa take kaiwa. Kuma yanzu ba faɗa ba ne, kisa ne.

Daga can gaba an riga an hango su. Shekara hamsin ke nan mutanen garin nan in suka ga zanen Santa Librada sai su fito tarye, yau ma haka. Kwale-kwale sun fi goma suna tahowa ta kan duwatsu inda ruwa bai kai ƙugu ba, mata da jajayen ɗankwali, ana ɗaga hannu, ana jiyo dariya.

Ta hagu kuwa, bai fi rabin mil ba, ga gaɓar ƙasa da dajin bakin ruwa, duhu sosai. Ƙaramin kwale-kwalensu zai iya bi ta kan duwatsu ya kai. Wanda ya shiga dajin nan, kwana biyar a ƙafa zai fita ta ƙasarmu, wajen Tolu.

Petrona ta danne sandar tuƙi da cinya, ta miƙa jiki ta ɗauko adda, ta sare igiyar da ta ɗaure ɗanta.

"Tashi. Ya mutu. Shiga ƙaramin ka yi daji, kada ka waiga."

Ubaldo ya dubi gawar, ya dubi kwale-kwalen da ke tahowa. Ya ja jiki da gwiwa zuwa bayan jirgi, ya faɗa ciki a kan karyayyen hannun, sai a nan ya saki wata ƙara irin ta kare da mota ta taka. Ta wurga masa filafilai biyu, ta sare igiyar ja.

"Dama, Petrona, dama," in ji Eladio daga goshi, ta mayar da ido kan hannunsa.

Da ta sake waigawa, Ubaldo ya saka filafilai biyun a mazauninsu, ya kama na hagu ya ja. Kwale-kwalen ya juya. Ya sake ja, ya sake juyawa. Ya sa hannun hagu ya ɗaga na dama ya ɗora a kan ɗaya filafilin, yatsun suka ƙi kamawa, hannun ya zame ya faɗi. Ita da Eladio, da duk wanda ya tashi a ruwa, sun iya tuƙa kwale-kwale da filafili guda ta baya, ana murza shi kamar wutsiyar kifi. Shi a gari ya girma. Kullum tana cewa za ta koya masa in sun sami rana mai sauƙi.

"Ta baya," ta ɗaga murya. "Sa shi ta baya ka murza."

Ya gwada. Filafilin ya kufce ya faɗa ruwa. Ya koma kan guda ɗayan yana ja da hagu, yana zagaya wuri ɗaya.

"Eladio, je ka tuƙa shi."

"In na sauka daga nan dukkanmu mun hau dutse," in ji tsohon, bai ko juyo ba. "Hagu kaɗan."

Kwale-kwale na farko ya iso ya kama gefe. Matar Olonigi ce a ciki da 'ya'yanta maza biyu, ta kawo gasasshen kifi a ganye kamar yadda ta saba, zoben zinariya yana ƙyalli a hancinta. Ta ɗago tana murmushi za ta miƙo, sai idonta ya sauka a kan katako. Ta ga ɓawon kwakwa a warwatse, ta ga filafili mai jini da farin gashi a manne, ta ga ƙafafun mijinta. Kifin ya faɗi a ruwa.

Babban ɗan ya hau jirgi, ya ɗaga rigar da ke kan ubansa, ya mayar a hankali. Ya dubi Petrona, ya dubi Eladio da fasasshen baki, sannan ya dubi can baya, inda wani ƙato mai tsagaggen kumatu yake ta juyi a wuri guda. Bai tambayi kowa komai ba. Ya faɗi magana guda da harshensu ya koma cikin kwale-kwale. Aka ɗauke uwar zuwa kan jirgi, kwale-kwale huɗu suka juya baki.

"Ku kama shi kawai," in ji Petrona. "Don Allah, ku kai shi zaure. Ni na kawo ubanku, ni na kawo shi da hannuna." Wani dattijo a kwale-kwalen baya shi ma yana ɗaga hannu yana kiran samarin, amma sun riga sun yi nisa, filafilansu suna tafiya tare.

Ubaldo ya daina ja. Ya zauna ya rungume karyayyen hannun a ƙirji, ya dubi jirgin da ke barinsa.

"Mama."

Ba da ƙarfi ya faɗa ba, amma a kan ruwa murya tana tafiya. Dutse yana dama, dutse yana hagu, matar tsohon tana birgima a kan gawa a gabanta. Petrona ta ji bugun farko a bayanta, ta ji na biyu. Eladio ya nuna dama, ta tura sandar, jirgin ya bi.